Zane Ɗan Aike Ne: Abin da Ɗalibi Ke Gani Tsakanin Aji da Maɗaba'a a Legas

A watan Fabrairun 2018 aka yi gwanjon wani zanen Ben Enwonwu a Landan, hoton wata gimbiyar Ife da ake kira Tutu, aka saye shi a kan fam miliyan 1.2 da 'yan kai. Babu ɗalibin zane a Legas da bai san wannan labari ba. In za mu faɗi gaskiya, da yawanmu irin wannan rana muke hange lokacin da muka cike takardar neman shiga makaranta: a rataye aikinka a wani gidan baje koli a Ikoyi ko Lekki, masu hannu da shuni su tsaya gabansa suna gyaɗa kai. To amma 'yan Najeriya nawa ne suka taɓa tsayawa gaban Tutu? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuwa, miliyoyin mutane sun riƙe takarda mai ɗauke da alamomin jam'iyyu 18, kowa yana laluben tsintsiya, ko lema, ko kwandon kayan marmari, ko uba da uwa da ɗa. Iyayenmu sun yi irin wannan lalube a 1979 tsakanin gida da masara na NPN da mabuɗin PRP, a zamanin SDP da NRC kuma aka koma doki da mikiya. Wani ne ya zauna ya zana kowace alama. Ba wanda ya damu da sunansa, amma da ya zana tsintsiyar ta fito kamar damin dawa, da ƙuri'u sun salwanta.

Irin wannan ake kira zanen bayani, kuma shi ne darasin da ɗalibai suka fi yi wa kallon ƙanen baya. Ya ƙunshi zanen littafin yara, da bangon littafi, da zanen barkwanci na jarida, da fastar rigakafi, da ɗan hoton da ke jikin kwalin magani yana nuna cokali nawa za a sha. Kayan aikinsa ɗaya ne da na zanen baje koli, ƙwarewar hannun da yake nema ma ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne wa ya fara magana. Mai zanen baje koli shi ke tayar da tambayarsa ya amsa ta yadda ya ga dama, in mai kallo bai gane ba ana iya cewa zurfi ne. Mai zanen bayani ɗan aike ne. Wani ya ba shi saƙo, akwai wanda za a kai wa, kuma in saƙon bai isa ba, kyawun rigar ɗan aiken ba zai hana a ce ya ɓata aike ba.

Rainin da ake yi wa fannin ba shi da tushe ko a tarihin zanen Legas ɗin kansa. Aina Onabolu, wanda ya yi karatu a Landan da Faris ya dawo a 1922 ya dage sai an ba zane gurbi a makarantu, shi ne uban tafiya. Amma hannun da masu karanta jarida suka fara sabawa da shi na Akinola Lasekan ne, mai sa hannu da sunan Lash, wanda tun shekarun 1940 yake yi wa Turawan mulki shaguɓe da zanen barkwanci a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin samarin da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, ya yi wa littattafan Cyprian Ekwensi da Chinua Achebe zane a farkon shekarun 1960. Grillo, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen zane na kwalejin fasaha ta Yaba, ya yi gilasan tagogin majami'u da adon bangon gine-gine, duk aikin kwangila mai sharaɗi da awo. Sai Lemi Ghariokwu da ya zana wa mawaƙi Fela bangon faifai 26 tun daga 1974. Kafin mutum ya ɗora allura a kan faifan ya riga ya karanta rabin faɗan a jikin kwalin.

Mu Hausawa ma da wannan tsari muka tashi, sabo ne ya hana mu lura. Babbar riga mai aska takwas, ba mai ɗinki ne ke ƙirƙiro adonta da allura ba. Akwai mai zane, sau da yawa malami ko gardi da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, shi ke shata askaken da tambarin a jikin ƙyallen, sannan a miƙa wa masu ɗinki su bi layinsa wata da watanni. Dole ya san lanƙwasar da zare zai iya bi da wadda ba zai iya ba, ya san inda aljihu zai zauna, ya san ko ta basarake ce ko ta attajiri. Mai zayyanar allon sauka da maginin da ke yi wa fuskar soro ado a Zariya ko Kano duk a cikin irin wannan iyaka suke aiki, kuma babu mai sa hannu a ƙasan aikinsa. Da boko ya zo, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, littattafan yaƙi da jahilci na shekarun 1950 suka dogara da hoto don jan dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba. Littattafan soyayya na kasuwar Kano ma da zanen hannu a bango suka fara, kafin kwamfuta da hotunan 'yan fim su kori masu buroshi.

Sabon ɗalibi yakan zaci duk wahalar a hannu take, wato ka iya fitar da yatsu biyar da ninkin riga. Wannan ana samunsa da yawan yi. Inda gizo ke saƙar shi ne yanke shawara, kuma shawarar farko ita ce wane lokaci za ka kama. A ce an ba ka jimla ɗaya daga tatsuniya: Gizo ya saci nama, Ƙoƙi ta kama shi. Cikin wannan jimla akwai hotuna da yawa. Kana iya zana Gizo yana leƙen tukunya, kana iya zana shi a hannun Ƙoƙi an riƙe masa kunne. Na biyun maimaita rubutun kawai ya yi, yaro bai ƙaru da komai ba. Amma ka zana hannun Gizo a cikin tukunya, bakinsa cike, inuwar Ƙoƙi kuma ta riga ta faɗo a bakin ƙofa bai gani ba. Yanzu yaro ya san abin da Gizo bai sani ba, kuma shi da kansa zai juya shafi. Shi ya sa a littafin yara, wanda galibi shafi 32 ne saboda yadda ake ninke babbar takarda a maɗaba'a, ake lissafa abin mamaki ya faɗo bayan an juya shafi, kada ya fito a gefen dama inda ido zai riga kunne.

Tun kafin nan ma akwai tambayar da mai ba da tatsuniya ba ta taɓa buƙatar amsawa ba. Gizon nan ƙafa takwas gare shi ko biyu? Yana sa hula? Kaka tana faɗin “sai Gizo ya ɗauki gorarsa” ta wuce, kowane jika ya ƙera nasa Gizon a ka. Mai zane ba shi da wannan mafaka. Abin da ya zaɓa shi zai zauna a kan dubban yara, har su girma suna ganin haka Gizo yake. Dodo ya fi wuya, domin rabin tsoronsa rashin ganinsa ne, kuma a ganina duk wanda ya zana Dodo gaba ɗaya daga kai har ƙafa ya kashe shi.

Shawara ta biyu ita ce me za ka cire. Mutane kan tambaya, tunda ga kyamara a kowace waya, me ya sa littattafan likitanci har gobe suke amfani da zane? Kyamara ba ta zaɓe. In ta ɗauki cikin mutum za ta kawo jini da kitse da ƙyallin fitila gaba ɗaya. Mai zane yana share duk wannan ya bar jijiyar da ake magana a kanta, ya ba ta launin da ba nata ba don ido ya same ta. Abin da aka saba barin ciki da abin da aka saba cirewa kuma yana zama al'ada ba tare da an lura ba. A ƙarshen 2021 wani matashi ɗan Najeriya, Chidiebere Ibe, ya fitar da zanen jariri baƙar fata a cikin mahaifiyarsa, zanen ya zagaya duniya. Babu wani sabon ilimi a cikinsa. Abin da ya girgiza mutane, har da likitoci, shi ne tunawa da suka yi cewa kusan duk irin zanen da suka yi karatu da shi farar fata ne.

Shawara ta uku ta fi shafar mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Mile 12. Ana yawan cewa hoto ba ya buƙatar tafinta. Wannan magana rabinta ce gaskiya. Hoto ma karatu ne, yana da ƙa'idojin da aka koya mana a makaranta har muka manta koya muka yi. Kibiya tana nufin “daga nan sai nan”. Jan gicciye a kan abu yana nufin “kada a yi”. Ɗan gajimare a saman kai yana nufin tunani. Wanda bai yi boko ba, ba wajibi ne ya san ko ɗaya ba. Ka zana hannu biyu kawai suna wanki da sabulu, ka yanke sauran jikin, wata za ta tsaya tunanin hannun wa aka sare. Ma'aikatan lafiya suna da labarin da suke yawan bayarwa na fastar da aka zana sauro ƙato don a ga ƙafafunsa, mutanen gari suka duba suka yi hamdala da irin wannan sauro bai iso garinsu ba. Ko labarin ƙari ne, darasinsa na gaske ne. Ga kuma batun gefe. In ka jera hotuna huɗu na yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ɗan boko zai fara daga hagu. Wanda da allo da Ajami ya koyi karatu idonsa daga dama yake tashi, sai ya ga an fara da shayar da yaro an ƙare da wanke hannu. Maganin wannan mai sauƙi ne, a jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, amma sai wanda ya san akwai matsalar zai neme shi.

Saboda haka ake gwada zane kafin a buga. Ka ɗauki kwafin gwaji ka je wurin masu sayar da abinci a bakin kasuwa. Kada ka ce, “Mama, kin gane?” Kara za ta sa ta ce ta gane, don kada ta kunyata ɗan mutane da ya sha wahala. Ka ce, “Mama, don Allah me kika gani a nan?” sannan ka kama bakinka. Abin da ta faɗa shi ne abin da ka zana, ko da ba shi ka yi niyya ba.

Daga nan ne maganar yadda ake zana Bahaushe a Legas take tasowa. Manyan kamfanonin talla da yawancin masu zanen littattafan makaranta a kudu suke, kuma mafi yawansu abin da suka sani game da mu daga nesa ne. Kowa ya san hoton nan na yara uku da ake sa wa don nuna haɗin kan ƙasa. Na Arewa kullum da doguwar riga, sau da yawa da sanda a kafaɗa da saniya a baya, an gauraya Bahaushe da Bafulatani da Babarbare an fitar da mutum ɗaya da babu shi a ko'ina. Ba na ɗaukar wannan ƙiyayya. Rashin sani ne da gaggawa, kuma mu ma da za a ce mu zana bikin Yarbawa a Ijebu ba tare da bincike ba, irin wannan kwaɓar za mu yi. Amma ƙananan abubuwan nan su ke sa mai kallo ya yarda da saƙo ko ya watsar. Rawani mai kunne biyu a Kano na sarki ne da 'ya'yan sarauta, in ka ɗora wa mai shayi ka ba da dariya. Yadda budurwa ke yafa mayafi daban da lulluɓin matar aure. Yaro ba ya tsayawa ƙiƙam ya miƙa wa kakansa hannu, durƙusawa yake. Akwai kuma kuskuren da kwamfuta ta sauƙaƙa: mai tsara shafi ya ga hoton zai fi zama in yana fuskantar ɗaya gefen, sai ya juya shi da danna maɓalli ɗaya. Nan take yaron da aka zana yana cin tuwo da dama ya koma ci da hagu. A fastar da ke neman iyaye su yarda da abin da za a ba 'ya'yansu, wannan kaɗai ya isa uba ya ce waɗannan ba su san mu ba.

Sai maɗaba'a, wadda aji ba ya iya koyar da ita sosai. Duk ɗalibin da ya je koyon aiki Shomolu, unguwar da kusan kowane lungu inji ke ruri, yakan dawo da wani irin ladabi. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Inji kuwa da tawada huɗu yake aiki, shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kowace da farantinta. Akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iya ba, shi ya sa shuɗin da ke ƙyalli a waya yake fitowa a dushe. A tsofaffin injinan Heidelberg masu buga launi ɗaya a lokaci guda, irin Kord da har yanzu ke aiki a ƙananan shaguna, takarda sau huɗu take ratsa inji. In ta goce ko da kaurin gashi, siririn layin da ka haɗa da launi uku zai fito da inuwa biyu. Mai wayo yakan bar layinsa da ƙananan haruffa a baƙi zalla. Ana kuma barin rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kuma hoton da bai kai ɗigo 300 a inci ba, yakan fito da burushi-burushi komai kyansa a waya.

Takarda ma tana da nata hukunci. Kamfanonin takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, kusan duk abin da ake bugu a kai daga waje yake zuwa, farashinsa yana bin dala. Mai littafi da ya yi lissafin takarda mai sheƙi yakan koma mai arha ta giram 60 ko 70 a ranar ƙarshe. Ita kuma shan tawada take, kowane ɗigo ya baje ya ƙara faɗi. Wanda ya fi cutuwa da wannan shi ne baƙar fuska. Inuwar da ka ɓata dare kana jerawa a kumatu da goshi sai ta haɗe ta zama dunƙulen duhu, ido biyu da haƙora kawai ke leƙowa. Littattafan firamare da yawa haka yaranmu suke ganin kansu a ciki. Dabarar ita ce ka sauƙaƙa launin fatar fiye da yadda idonka ke so, ka rage baƙin da ke cikin haɗin, ka bar layi ya ɗauki nauyin kamanni. Tun ran gini tun ran zane: tambayar wace takarda da wane inji ana yin ta kafin a feƙe fensir. Mu masu aikin Hausa muna da ƙarin tarko ɗaya. Yawancin salon haruffan da ke kwamfutocin maɗaba'a ba su da ɓ da ɗ da ƙ. In ba ka mayar da rubutunka zane ba kafin ka miƙa fayil, sai a buɗe shi a manhajar zane ta CorelDRAW a kwamfutar wani, ƙugiyoyin su zama akwati ko su zube, kuma mai injin da ba ya jin Hausa ba zai ga wani abu ya canza ba.

Mai biyan kuɗi shi ma mai karatu ne, sai dai ba shi aka aiko ka wurinsa ba, kuma a nan ake yawan samun saɓani. Hajiya mai yajin daddawa tana son takardar da za ta manna a roba. “Ɗana, ka sa min hotona babba, da barkono da citta da kanumfari duka, da lambar waya uku.” Takardar kuwa ba ta fi tafin hannu ba, kuma daga nesa za a hango ta a kan kanta tsakanin wasu robobi ashirin. Musu ba ya aiki. Abin da ke aiki shi ne ka buga nata ka buga naka a ainihin girmansu, ka manna, ka ce, “Hajiya, mu ɗan ja da baya mu gani.” Sau da yawa kuma ita ke da gaskiya ta wani gefen: masu sayen yajinta fuskarta suka sani, fuskar ce alamar. Ɗalibin da ya zo da ƙa'idar aji cewa hoton mai kaya ƙauyanci ne zai cuce ta.

Batun kuɗi ba a koyar da shi yadda ya kamata, shi ya sa sababbin hannu ke shan wuya. A karɓi kafin alƙalami. A faɗi tun farko sau nawa za a yi gyara, domin “ɗan taɓa nan kaɗan” ba shi da ƙarshe. Abu mafi muhimmanci, a bambance sayar da aiki da sayar da haƙƙi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar haƙƙin aiki a hannun wanda ya ƙirƙira sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban, kuma mayar da haƙƙin ga wani sai a rubuce. Zanen da aka biya ka don bangon littafi ɗaya, in ya koma kan allon talla da riguna da kalanda, ciniki ne sabo. Doka dai tana takarda, kai ƙara kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, amma saƙon WhatsApp guda da ya fayyace me aka saya ya kan hana rigimar tun ba ta taso ba.

Kasuwar tana faɗaɗa ta wani gefe tana tsukewa ta wani. Bikin masu littattafan barkwanci na Legas da aka fara a 2012, da kamfanoni irin Comic Republic da aka kafa a 2013, sun buɗe wa matasa ƙofa. A ɗaya gefen, tun 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitar da hoto cikin daƙiƙu, kuma ƙananan ayyukan da ɗalibi ke cin abinci da su, irin fastar taro da bangon littafin intanet, su suka fara tafiya. Ba na cikin masu cewa abin ba zai yi tasiri ba, ya riga ya yi. Sai dai manhajar daga tarin hotunan da ke intanet ta koya, namu kuma kaɗan ne a ciki. Ka nemi Bahaushe, sau da yawa ta ba ka wani mai rawanin Sahara ko rigar Larabawa. Kuskuren da ɗan Legas ke yi saboda nisa, ita tana yin sa da sauri da arha.

Akwai tambayar da kowane Musulmi mai wannan karatu ya sha a gida, wani daga mahaifi, wani daga limamin unguwa: “Kai, wannan sana'a ta halatta kuwa?” Tambaya ce mai nauyi, domin hadisan da suka yi gargaɗi ga masu suranta abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. Malamai sun rabu wajen fahimtar iyakarsu. Abin da ya shahara a littattafan Malikiyya shi ne haramcin yana kan siffa mai jiki da inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, irin gunki, zanen da ke shafe a takarda ko ƙyalle kuwa bai kai haram ba, ana sa shi a karhanci ko abin da barinsa ya fi. Wasu malamai sun tsananta sun haɗa duka, wasu sun yi rangwame inda akwai buƙatar ilimi ko lafiya, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha. Fatawa ta malamai ce. Abin da ya shafi mai zane shi ne masu karatunsa suna kowane ɓangare na wannan saɓani, kuma littafin da wata Islamiyya a Agege za ta karɓa, wata a layi na gaba za ta mayar.

Daga wannan ne littattafan yara marasa fuska suka samu kasuwa, inda ake zana mutum a bar fuskar fili babu ido babu baki. Abokan karatuna da ba Musulmi ba suna ganin an ɗaure wa mai zane hannu. Ni ina ganin babu atisayen da ya kai shi koyar da sana'ar. Fuska hanya ce mai arha: ka lanƙwasa baki sama an yi murna, ka lanƙwasa ƙasa an yi baƙin ciki. In aka ɗauke ta, dole ka koma ga kafaɗa da gwiwa da tazarar da ke tsakanin mutum biyu. Murna tana ɗaga diddige daga ƙasa ta buɗe hammata. Fushi yana kafe ƙafa biyu ya tura ƙirji gaba. Mai wuyar ita ce raba kunya da baƙin ciki, domin duka biyun sunkuyar da kai suke, kuma a labaran Hausa kunya tana kusan kowane shafi. Mai baƙin ciki jikinsa sakewa yake, hannuwa su zube, nauyinsa duk ya koma ƙasa. Mai kunya jikinta a ɗaure yake, yatsu na murza bakin mayafi, ƙafa ɗaya ta hau kan ɗaya, kafaɗa ta ɗan karkata daga wani. Kuma dole wanin ya fito a hoton, ko da gefen rigarsa ne, in ba haka ba yaro zai ce kuka take yi.